Tsohon da ke Cikin Wadrob

Shafi na 31

Masu bina har akwatin saƙo da "wa ya kama hannun ƙofar", ku sarara min haka nan. Jiya ko abincin rana ban ci cikin natsuwa ba saboda ku. Ga amsarku.

*

Ƙofar wadrob ɗin ta buɗe, haske ya faɗo a fuskar Umma.

Ba haka uwa take so 'yarta ta same ta ba. Tana zaune a kan 'yar kujera tsakanin rigunan Abba, bargo a ka, zufa har cikin kunne, lema a hannun dama, faranti mai ɗanyar shinkafa a cinya. Wayar da take ɗaukar murya da ita tana rataye cikin safa a jikin hanga, daidai saitin bakinta.

Shalele ce tsaye, ta harɗe hannuwa, tabarau ya zamo har karan hanci.

"Sannu da aiki, Tsoho."

Umma ta gyara bargon.

"Ba maƙota na ce ki je ki yi wasa ba?"

"Na je. Na dawo."

"Ni ɗankunnena nake nema."

"Da lema?"

"Ita ma nan na tsince ta."

"Shinkafar fa?"

"Tsinta nake yi. Nan ya fi shiru."

Shalele ta gyaɗa kai a hankali, irin na wanda ya ba ka dama ka ƙara wata ƙaryar in kana da saura. Umma ta duba, ba ta da saura.

Tsoho dai shi ne mai karanta labarin Mai Takalmi a Makarantar Gajimare, labarin sauraro da yara suka haukace a kai. Yarinya ce daga ƙasa ta ci jarrabawar wata makaranta da ke saman gajimare, inda ake koyar da kiwon hadari da ɗaurin iska. Kowa a can da fiffike aka haife shi, ita kaɗai ce mai takalmi. Ba wanda ya san ko waye Tsoho. Umma ce ke rubutawa a bayan kantar kantin maganin da take aiki, ta karanta a wadrob saboda tufafi na shanye ƙara, Abba kuma in ya dawo daga gyaran firiji ya saka muryar a manhaja ya ƙara mata kauri, har ta koma ta dattijo mai gemu. Duk wannan wahala saboda mutum ɗaya suke yin ta: tilon 'yarsu mai shekara sha biyu, da ta ci gurbi a makarantar kwana ta haziƙai, inda ake kiran matsayin kowa a gaban kowa. Sun ji cewa duk Asabar da yamma Metiron, mai kula da ɗakunan kwanansu, na kunna wa yara labari a lasifika, shi ne Abba ya tura mata nasu ba suna.

"Fito Umma, za ki dahu."

Umma ta fito da bargonta, ƙafa ɗaya ta yi tsami, ta ɗingisa ta zauna a bakin gado. Ba kamun da aka yi mata ne ya dame ta ba. Duk abin da Shalele ta faɗa mata a wayar Metiron ranar Lahadi, da kuka da sheshsheka, ta kwashe ta zuba a labarin, makaranta guda ta saurara. Tana tsoron yarinyar ta ce ta tona mata asiri.

"Shalele, zauna na yi miki bayani."

"Tun kashi na uku na sani."

"Na me?"

"Na uku. Inda aka buɗe babbar ƙofar Makarantar Gajimare."

"Ƙarya kike. Muryar ko ni ba na gane ta."

"Ba muryar ba ce. Ƙofar ce." Shalele ta nuna bayanta da babban yatsa. "Ƙofar sitonmu ce, Umma. Ƙiiii, ta tsaya, sannan ta ce ƙit. Tun ina rarrafe nake jin ta. Ita ke tona ni in na je satar madara."

Shalele ta gyara tabarau ta ci gaba.

"Da na dawo hutu kuma na ga Abba ya bi duk ƙofofin gidan nan da mai, har ta banɗaki. Ya zo kan ta sito kika fito da gudu da ludayi a hannu kina cewa kar ya kuskura."

"To ai da ya lalata min ƙofar makaranta."

"Ruwan sama shinkafa ce a faranti. Fiffike lema ce. Dodon da ke gadin ƙofa kuma..."

"Yi shiru."

"Munsharin Abba ne."

"Na ce ki yi shiru. Bai sani ba."

"Bai sani ba?"

"Ce masa na yi daga intanet na sauko da shi. Shi da kansa ya ƙara masa ƙarfi, yana cewa ko wace irin dabba ce wannan, Allah ya yi halitta."

Shalele ta zube a ƙasa. Dariya take har tabarau ya faɗi, tana dukan katifa da tafin hannu. Umma ta so ta ɗaure fuska, abin ya gagara, ita ma ta fashe, shinkafar da ke cinyarta ta watse a ɗaki. Rabon da ta ji dariyar yarinyar nan haka tun kafin ta tafi makaranta, sai ta ji wani sanyi ya ratsa ta har ƙafar da ta yi tsami.

Amma dariyar ba ta daɗe a bakin Umma ba. Ta jawo Shalele ta zaunar da ita kusa, ta ɗauko tabarau ɗin ta goge da gefen zaninta ta mayar mata.

"Ki yafe min. Duk abin da suka yi miki na saka a ciki. So nake ki ji ba ke kaɗai ba ce. Kwaɗon da suka saka miki a jaka, tawadar da suka zuba miki a riga, ga wannan yarinyar mai wushirya da ta saka ki gaba. Wallahi duk Lahadi in muka ajiye waya sai na shiga sito na yi kuka."

Shalele ta daina dariya. Ta fara tsintar shinkafa ɗaya-ɗaya a kan zanin gado.

"Umma."

"Na'am."

"Kin yi alkawari ba za ki ɗauko lemar nan ba?"

"Me zan yi da lema?"

"Ki dai yi."

"Na yi."

"Ba a saka min kwaɗo a jaka ba."

Umma ta kalle ta.

"Tawadar kuma ni na zauna a kan biro."

"Ban gane ba."

"Kin ga, da na gane ke ce Tsoho, sai na lura duk abin da na faɗa miki ranar Lahadi, Asabar ta gaba sai ya samu Mai Takalmi. Shi ne na ce bari na gwada. Na ce miki an ɓoye min filo. Asabar sai ga shi an ɓoye wa Mai Takalmi gajimaren da take matashi da shi."

"Shalele."

"Sai na fara faɗa wa 'yan ɗakinmu tun ranar Litinin. Na ce ku zuba ido, satin nan za a saka mata kwaɗo. Suka ce ƙarya. Asabar kwaɗo ya yi tsalle a lasifika, ɗakin taro ya kaure. Umma, ɗaga ni suka yi sama."

"Ɗaga ki."

"Yanzu Malamar Hasashe suke ce min. Har 'yan babban aji zuwa suke bakin gadona su tambaye ni abin da zai faru. Wata har wanki ta yi min."

Umma ta cire bargon daga kafaɗarta ta ninke shi a hankali, gida huɗu, ta ajiye. Duk wanda ya san Umma ya san in ta fara ninke abu da kyau haka, to a nemi hanyar fita.

"Ita mai wushiryar fa? Wadda na mayar Gimbiyar Walƙiya, na ba ta muguwar dariya, na sa yara suke tsine mata?"

"Ƙawata ce. Gadonta ne saman nawa."

"Ƙawarki."

"Ita ta kawo shawarar kwaɗon. Ta ce a gaishe ki, wai don Allah ki ƙara mata mugunta, kashin da ba ta fito ba ba ya daɗi."

Umma ta miƙa hannu wajen lema.

"Kin yi alkawari!"

"Tsoho ne ya yi, ba ni ba."

Suka zaga gadon sau biyu, Shalele na ihu tana dariya, Umma na ɗingishi tana zamewa a kan shinkafa, lemar ta buɗe da kanta ta maƙale a ƙofa. Nan suka zube a tsakar ɗaki suna haki. Umma ta kama kunnen yarinyar ta ja kaɗan, sannan ta saki ta rungume ta.

"Ke dai an yi 'yar banza. Hawayen da na zubar saboda kwaɗon nan sun isa wanka."

"Ai kin rubuta shi da kyau."

"Rufe min baki. Wato duk zangon nan ba abin da ya same ki? Wasa kike da hankalina?"

Shalele ta lafe a jikinta. Da ta yi magana, muryar ta sauka.

"Na farkon gaskiya ne."

Umma ta sassauta riƙon.

"Satukan farko ba mai yi min magana. Su duk sun san juna, wannan yayarta ta yi makarantar, waccan babarta. Sun san inda ake zama da inda ba a zama. Ni teburin ƙarshe nake cin abinci, kusa da famfo. Takalmin da Abba ya saya min kuma..."

"Mai girman nan."

"Wanda ya ce zan girma na same shi. Da takarda nake cusawa a gaba. Ranar da aka kira matsayi na fita, ɗaya ya fice min a kan matakala. Kowa ya gani, har takardar."

Umma ta tuna. Shi ne kashi na biyu. Ta rubuta shi a bayan kanta tana share hanci, har wani mai sayen maganin tari ya tambaye ta ko ita ma murar ce.

"Da na ji shi a lasifika, ban ma san ke ce ba lokacin, ji na yi kamar ƙasa ta tsage na shige. Na ce shi ke nan, yanzu za su juyo su kalle ni. Amma ba wanda ya yi dariya, Umma. Tsit aka yi. Da Mai Takalmi ta koma ta ɗauki takalminta ta saka a gaban Uwar Tsawa shugabarsu, wata a bayana kuka take. Washegari mai wushirya ta ɗauko farantinta ta zo teburin famfo ta zauna. Can ta ce, ni ma rigata ta yayata ce, duba, an kalmashe hannun."

Umma ta shafa kanta, Shalele ta ci gaba.

"Sati na gaba kuma na ji ƙofar sito. Ina zaune cikin mutane sai na ji kamar kina kicin, ni ina falo. Na saka kai a gwiwa na yi ta kuka, suna ta ba ni haƙuri sun zata dodon ne ya ba ni tsoro. Daga ranar ban ƙara jin ni kaɗai ba ce."

Daɗi ne ya kama Umma, irin wanda yake zuwa da hawaye. Duk zufar wadrob, duk ciwon bayan, duk shinkafar da aka yi asara, ashe sun isa inda aka aike su. Ta goge ido da bargon da ta ninke.

"To me ya hana ki faɗa min kin gane?"

"Da kin daina. Ko ki fara saka wa'azi a ciki, Mai Takalmi ta riƙa goge haƙori sau biyu."

"Ai ya kamata ta riƙa yi."

"Kin gani ko."

Shalele ta miƙe ta leƙa wadrob, ta zauna a kan 'yar kujerar, ta ɗora bargo a ka. Ta ƙanƙance ido ta yi gyaran muryar nan, gajere sannan dogo, "ehem... eheeem," sak na Uwar Tsawa, shugabar Makarantar Gajimare.

"Wannan kuma na Shugabarmu ne kika sato. Duk makaranta an gane. In ta yi shi a wajen taro sai kowa ya sunkuyar da kai yana cizon leɓe."

"Sau ɗaya na zauna a gabanta, ranar da muka kai ki. Ban san ya maƙale min ba."

"Umma, zango mai zuwa tare za mu rubuta. Ni da mai wushirya mun tsara komai. Ga gasar kiwon hadari, ga Mai Takalmi za ta shiga ƙungiyar Gimbiya, ga shi an ce za a zaɓe ni cikin masu wakiltar ajinmu a gasar lissafi ta gaske, sai mu haɗa biyun. Na ƙagu Lahadi ta yi na koma. Wane kashi kike ɗauka yanzu? An fito da ita daga Ɗakin Tsawa?"

Umma ta daina murmushi.

Ɗakin Tsawa. Kashin ƙarshe na zangon da ya wuce. An kulle Mai Takalmi a ciki tun rana har faɗuwarta, tana bugun ƙofa ba mai ji.

"Shalele. Ɗakin tsintsiyar da kika ce sun kulle ki a ciki."

"Au, wannan? Ai shi ya fi kowanne. Muna so a tafi hutu da abin da zai hana kowa barci. Kin ji yadda na yi muryar kuka a waya? Mai wushirya ce ta riƙe min albasa."

"Kika ce min ba za ki iya ƙara kwana a makarantar ba."

"Don ki ji shi sosai ne, ya fito da kyau."

"Ya fito."

Shalele ta zame bargon daga kanta.

"Umma, me ya faru? Fuskarki ta canza."

"Kashin da nake ɗauka shi ne na ƙarshe. Mai Takalmi ta sauko gida."

"Ta sauko? Saboda me? Wa ya ce ta sauko?"

"Ina Abbanki ya ce miki za shi da safe?"

"Gyaran firiji. Wajen gari."

Umma ta girgiza kai.

"Ba mu yi barcin kirki ba tun ranar wayar nan. Abbanki ya ce ko makarantar zinariya ce ba zai bar 'yarsa inda ake kulle ta ba. Muka yanke mu yi miki albishir in ya dawo. Makarantarku ya tafi. Ya je ya ce musu kin bar gurbin, ya kwaso akwatinki."

"Gurbin nawa?"

"Kin san kuma yadda suke. Akwai masu jiran layi. In ka saki da safe, kafin yamma an ba wani."

Shalele ta fito daga wadrob ɗin har tana tuntuɓe da kujera.

"Kira shi. Umma kira shi, ƙila bai shiga ofis ba. Ƙila taya ta fashe. Motar nan kullum sai ta tsaya a hanya, yau ma Allah ya sa ta tsaya."

Umma ta laluba ƙarƙashin filo ta zaro wayarta. Sai da ta kuskure lambar sau ɗaya. Ta kara a kunne. Shalele ta manna nata kunnen a bayan wayar.

Ta shiga.

Sai kiɗa ya tashi a cikin ɗakin. Suka juya tare. Safar da ke rataye a jikin hanga ce take rawa tana haske. Wayar Abba ce a ciki, ta fi ɗaukar murya, Umma da kanta ta karɓe ta da safe, ta ce ya tafi haka ai ba daɗewa zai yi ba.

Ba wadda ta motsa a cikinsu har kiɗan ya katse.

Nan suka ji hon a waje, hon ɗin tsohuwar motar aikin Abba mai kama da kukan agwagwa. Suka fito falo a guje, Shalele ba takalmi, Umma da shinkafa manne a zani.

Abba ne ya turo ƙofa da kafaɗa. Akwatin ƙarfen Shalele a kansa, bokitinta a hannu, fuskar nan fal murmushi irin na mutumin da ya ceto 'yarsa.

"Shalelen Abba, albishirinki. Kin gama da makarantar nan." Ya sauke akwatin ya dubi Umma. "Maman Shalele, a gyara kujera, muna da baƙuwa. Motarta ce ta biyo tawa. Ta ce ba za ta ba kowa gurbin ba sai ta ji daga bakin yarinyar da kanta waye ya kulle ta a ɗakin tsintsiya."

Shalele ta damƙe hannun Umma.

Daga bayan ƙofa aka yi gyaran murya, gajere sannan dogo.

"Ehem... eheeem."